Suna Linzami Ne: Yadda Ake Raɗa Wa Kwamfuta Suna, Da Wahalar Sauya Shi

Duk wanda ya taɓa sayen sabuwar kwamfuta ya kunna ta karon farko ya san akwai wasu 'yan tambayoyi da takan yi masa kafin ta yarda ta fara aiki. Takan tambayi harshen da yake so, da ƙasar da yake zaune, da lokacin agogo. A cikin tambayoyin nan akwai wata guda wadda galibin mutane ba su ɗauke ta a bakin kome ba, watau sunan da za a riƙa kiran na'urar da shi. Wani yakan rubuta sunansa na yanka, wani sunan ofishinsu, wani kuwa ya bar wanda masu ƙira suka zaɓa ya wuce abinsa. Duka-duka abin bai kai minti guda ba. Amma fa ma'aikatan da suka daɗe suna kula da irin waɗannan na'urori a bankuna da jami'o'i da ma'aikatun gwamnati sun sani sarai cewa sunan da aka raɗa cikin minti guda yana iya cin kwana da kwanaki ranar da aka tashi sauya shi, kuma yana iya tona asirin mai shi a inda bai zata ba.

Amfanin Sunan

Su dai kwamfutoci ba sa neman juna da suna, da lamba suke neman juna. Kowace na'ura da ke kan hanyar sadarwa tana da lambar adireshi, wadda a tsohon tsari take da kashi huɗu, kowane kashi daga 0 zuwa 255, kamar a ce 192.168.1.10. A sabon tsari ma lambar ta fi haka tsawo nesa ba kusa ba. To, riƙe irin waɗannan lambobi a ka abu ne mai wuya ga ɗan Adam, sa'an nan kuma lambar takan canja idan na'ura ta tashi daga wannan wuri ta koma wancan. Saboda haka aka ga ya kamata kowace na'ura ta sami suna wanda baki zai iya furtawa, hannu ya rubuta, zuciya kuma ta riƙe. Ashe ke nan an yi sunan ne domin mutane. Idan magatakarda ya nemi na'urar da ake ajiye takardun albashi, sunanta zai rubuta, wani tsari kuma na daban ya juya sunan zuwa lamba ba tare da shi ya sani ba.

Rajista Guda A Hannun Mace Guda

Asalin wannan al'amari yana ƙasar Amurka. Ran 29 ga watan Oktoba na shekarar 1969 aka aika da saƙo na farko a kan hanyar sadarwar da ake kira ARPANET, wadda Ma'aikatar Tsaro ta ƙasar ta ɗauki nauyinta, daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles zuwa Cibiyar Bincike ta Stanford. Kafin shekarar ta ƙare wurare huɗu ne kacal ke haɗe, watau waɗancan biyu, da Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara, da Jami'ar Utah. A lokacin nan kowa ya san kowa, babu wata wahalar suna.

Da na'urori suka fara yawa sai aka ɗora wa Cibiyar Stanford aikin riƙe rajista. Wadda ta shugabanci wannan ofis daga 1972 har zuwa 1989 ita ce Elizabeth Feinler, wadda asalin karatunta na ilmin sinadarai ne. Ita da ma'aikatanta suka riƙe wani fayil guda mai suna HOSTS.TXT, wanda a cikinsa aka jera sunan kowace na'ura da lambarta, layi bayan layi, kamar dai littafin lambobin tarho. Duk jami'ar da ta sami sabuwar na'ura, ko ta so sauya wa tsohuwa suna, tilas ta sanar da ofishin nan ta wayar tarho a lokacin aiki ko ta saƙon na'ura. Su kuma su duba su tabbata ba wanda ya riga ya ɗauki sunan, su gyara fayil ɗin, sa'an nan kowace na'ura ta zo ta kwafi sabon.

Wannan tsari ya yi aiki muddin gari yana ƙarami. A watan Agusta na 1981 na'urori 213 ne a rajista. A watan Agusta na 1983 sun kai 562, a watan Oktoba na 1984 kuwa sun kai 1,024. Daga nan fa sai matsaloli uku suka bayyana. Na farko, na'urar Stanford ta fara nishi saboda yawan masu zuwa kwafar fayil. Na biyu, sunaye masu daɗi suka fara ƙarewa, domin ba a yarda na'ura biyu su yi suna ɗaya ba ko da ɗaya tana gabas ɗaya tana yamma. Na uku, kafin sabon fayil ya isa ko'ina, wani abu ya riga ya sake canjawa, sai a tarar wata jami'a tana neman wata na'ura da sunan da aka riga aka yar.

Aka Raba Mulkin Sunaye

Maganin ya fito ne daga hannun Paul Mockapetris na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda a watan Nuwamba na 1983 ya fitar da bayanin tsarin da ake kira DNS, wanda har yau shi duniya ke aiki da shi. Hikimar tsarin ba ta wuce ta mulkin gargajiya ba. Sarki ba ya riƙe sunan kowane magidanci a ƙasarsa, amma ya san hakimansa, hakimi ya san dagatai, dagaci ya san masu unguwa, mai unguwa kuwa ya san gida-gida. Haka aka yi wa sunaye. Aka yanka su kashi-kashi da ɗigo a tsakani, ana karantawa daga dama zuwa hagu, daga babba zuwa ƙarami.

Misali shi ne sunan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, watau abu.edu.ng. Kashin ƙarshe, ng, na Nijeriya ne, wanda aka keɓe wa ƙasar a 1995, kuma ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ce ke kula da shi. Kashin tsakiya na makarantu ne, na farkon kuwa na jami'ar ne. Duk abin da jami'ar ta ga damar ɗorawa a gaban wannan suna, ikonta ne, ba sai ta nemi iznin kowa a Legas ko Amurka ba. Ta haka ne na'ura a Zariya da wata a Alƙahira za su iya yin suna ɗaya ba tare da rikici ba, kamar yadda ake samun Audu a kowace unguwa, sunan gidansu ne ke bambanta su.

Ran 15 ga watan Maris na 1985 kamfanin Symbolics ya zama na farko da ya yi rajistar suna mai ƙarewa da com. Zuwa watan Disamba na 1987 na'urori sun kai 28,174, a watan Yuli na 1989 kuwa sun kai 130,000, adadin da babu wani ofis guda da zai iya riƙewa da hannu. Duk da haka tsohon fayil ɗin bai mutu ba. Har yau akwai jikansa mai suna hosts a cikin kwamfutocin Windows da Apple da Linux, kuma sau da yawa shi na'ura takan fara dubawa kafin ta tambayi waje.

Dokokin Rubuta Sunan

Ba kowane abu ne ake karɓa a matsayin sunan na'ura ba. Ƙa'idar da ofishin Feinler ya fitar a watan Oktoba na 1985 ta ce sunan zai ƙunshi baƙaƙen boko 26 na Ingilishi, da lambobi daga 0 zuwa 9, da karan ɗori, kuma dole ya fara da harafi, kada ya ƙare da karan ɗori. Ba a barin fili a tsakani, kuma babu bambanci tsakanin babban baƙi da ƙarami. A 1989 aka sassauta, aka yarda suna ya fara da lamba. Kowane kashi na suna yana iya kai baƙaƙe 63, amma a kwamfutocin Windows mai hankali ba ya wuce 15, domin tsohon tsarinsu na neman juna a cikin ofis yakan datse abin da ya haura haka. Sunan da Windows kan zaɓa da kanta, DESKTOP da karan ɗori da wasu baƙaƙe bakwai, daidai 15 ɗin yake.

A nan akwai abin lura ga mai rubutu da Hausa. Baƙaƙe masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, da kuma alamar hamza, ba sa cikin waɗanda ƙa'idar ta sani. Tun 2003 akwai wata dabara ta juya baƙaƙen wasu harsuna zuwa wani rubutu da ke farawa da xn da karan ɗori biyu, amma an yi ta ne domin sunayen intanet, kuma ba kowace manhaja ce ke gane ta ba. Saboda haka wanda ya sa wa na'urarsa Baƙi, baki za ta zama, wanda ya so ƙaya kuma ya ƙare da kaya. Abin da ya fi sauƙi shi ne a zaɓi kalmar da ba ta da ƙugiya tun farko.

Shawarar Wani Masani

A watan Agusta na 1990 wani masani mai suna Don Libes, ma'aikacin hukumar ma'auni ta ƙasar Amurka, ya fitar da wata 'yar takarda a kan yadda ya kamata a zaɓa wa kwamfuta suna. Ko da yake an yi shekaru fiye da 30, ma'aikata suna komawa gare ta har yau, domin shawarwarinta daga kurakuran da ya gani da idonsa suka fito.

Babbar shawararsa ita ce kada a kira na'ura da sunan aikin da take yi. Ya ba da labarin wata na'ura da aka raɗa wa sunan ɗakin ƙira domin ita ke sarrafa injunan wurin. Ba a daɗe ba aka sayo ta biyu don ta taimaka, ga shi kuwa ba dama a kira ta da sunan ta farko. Bayan shekara guda aka ƙaro biyar, ita kuma ta farkon aka mai da ita wani aiki dabam, tana ɗauke da sunan da bai dace da ita ba. Haka zai faru ga ofishin da ya sa wa na'ura albashi, in aka wayi gari an mai da ita sashen sufuri.

Ta biyu, kada mutum ya sa wa na'ura sunansa. Dalili kuwa a fili yake ga mai jin Hausa, tun da yake idan inji ya lalace cewa ake yi ya mutu. Ranar da masinja ya leƙo ofis ya ce Audu ya mutu tun da safe, sai an yi salati kafin a gane kwamfuta yake nufi. Ban da wannan ma, ma'aikaci yakan sami canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, na'urar kuwa ta zauna tana amsa sunan wanda ya tafi.

Ta uku, a guji kalmomin da ake yawan faɗa a wurin aiki. Ofishin da ya sa wa na'ura wuta ya jawo wa kansa ruɗani, domin in aka ce wuta ta mutu ba wanda zai san ko injin lantarki za a tayar ko makaniki za a kira. Haka nan ya hana dogon suna, da rubutun da aka karkatar da gangan don burgewa, da sunan zagi ko na ba'a wanda mutum zai ji kunyar faɗa a gaban baƙo.

Abin da ya yaba shi ne a ɗauki wani jinsi guda na abubuwa a riƙa ciro sunaye daga cikinsa, amma jinsin ya zama mai yalwa. Wanda ya ɗauki Hausa Bakwai ya raba wa na'urorinsa Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram, zai yi murna har ranar da ta takwas ta iso. Sa'an nan kuma sunan gari yakan sa a zaci na'urar tana garin ne. Itatuwa kuwa ba sa ƙarewa: kuka, rimi, gawo, tsamiya, marke, kanya, giginya, goriba, aduwa, magarya. Dukansu gajeru ne, ba su da ƙugiya, kowa ya iya rubuta su, kuma ba sa faɗin aikin na'ura balle sunan mai ita.

Sunan Yanka Da Sarauta

Mai karatu zai iya tambaya, in an hana kiran na'ura da aikinta, yaya ma'aikata za su gane wadda ke riƙe da albashi? Amsar ita ce tsarin DNS ya yarda na'ura guda ta sami suna fiye da ɗaya. Akwai sunanta na ainihi, akwai kuma laƙabi wanda ke nuni zuwa gare shi. Mutum yana iya zama Ma'aji a yau, gobe sarautar ta koma kan wani, amma sunan da aka raɗa masa ranar bakwai yana nan tare da shi, masu kawo kuɗi kuwa Ma'aji za su ci gaba da nema ko wane ne shi. Haka ma'aikaci mai hangen nesa yakan yi. Ya sa wa na'ura rimi, ya ɗora mata laƙabin albashi. Ranar da rimi ta tsufa aka sayo gawo, sai a cire laƙabin a mai da shi kan gawo, magatakarda kuwa ya zo da safe ya rubuta albashi yadda ya saba, bai ma san an yi canji ba.

A manyan rumbunan na'urori inda ake tara dubbai a ɗaki guda, an bar zancen itatuwa, sai a haɗa baƙaƙen da ke nuna gari da layi da lamba. Amma ko a can ƙa'idar ɗaya ce, sunan na'ura dabam, sunan aiki dabam.

Ranar Sauya Suna

Sauya sunan kansa ba wuya. A Windows ana shiga wurin saituna, a nemi shafin bayanin na'ura, a rubuta sabon suna, a kashe a kunna. A galibin kwamfutocin Linux umurni guda ne mai suna hostnamectl. Ga kwamfutar gida wadda ba kowa ke nemanta ba, magana ta ƙare ke nan. Ko a nan ma akwai ɗan tarko, domin wanda ya sauya suna a Linux ya manta bai gyara fayil ɗin hosts ba, zai ga na'urar tana kukan ba ta gane kanta ba duk sa'ad da ya ba ta wani babban umurni.

Wahalar tana ga na'urar da wasu suka dogara da ita. Tsohon sunan ya riga ya bazu a wuraren da ba wanda ya lissafa. Yana cikin kwamfutocin ma'aikata da ke buɗe ma'ajiyar takardu ko na'urar buga takardu ta wannan suna. Yana cikin tsarin da ke kwafar bayanai kowane dare don ajiya, wanda in bai sami na'urar ba yana iya yin shiru, ba a farga ba sai ranar da aka yi hasara aka je neman kwafi aka tarar babu. Yana jikin takardar shaidar tsaro, wadda in sunanta bai yi daidai da na na'ura ba za a riƙa gargaɗin masu shiga cewa wurin ba amintacce ba ne. Wasu manhajojin ma lasisinsu a ɗaure yake da sunan. Kamfanin Microsoft kuwa ya hana sauya sunan na'urar da aka riga aka ɗora wa aikin ba da takardun shaida, sai dai a rushe aikin a sake gini.

Bugu da ƙari, na'urorin duniya sukan riƙe amsar da suka samu har wani wa'adi kafin su sake tambaya, wani lokaci mintoci, wani lokaci yini guda. Don haka gwanayen aikin sukan bi abin a hankali. Su fara lissafa duk abin da ke kiran tsohon suna, su rage wa'adin nan tun da sauran kwanaki, su sanar da jama'a, su yi canjin bayan an tashi daga aiki, sa'an nan su bar tsohon sunan ya zama laƙabi har sai sun tabbata ba mai nemansa.

Sunan Da Ke Tona Asiri

Akwai kuma lokacin da sauya suna ya zama wajibi, wannan kuwa ya shafi duk mai wayar hannu. Wayoyi da kwamfutoci da yawa, musamman na kamfanin Apple, sukan ɗauki sunan mai su su haɗa da irin na'urar su mai da shi sunansu. To, duk sa'ad da na'ura ta shiga intanet ɗin otal ko filin jirgin sama ko makaranta, tana neman a ba ta lambar adireshi, kuma a cikin neman nan sau da yawa takan faɗi sunanta. Mai kula da wurin yana ganin sunan a rajistarsa, wani lokaci ma sauran waɗanda ke kan hanyar suna iya gani. Ke nan matafiyi yana tafe yana shelar sunansa da irin wayar da ke aljihunsa alhali bai buɗe baki ba.

A watan Maris na 2017 wasu masana uku, Christian Huitema da Dave Thaler da Rolf Winter, suka fitar da takarda a ƙarƙashin ƙungiyar da ke tsara ƙa'idodin intanet, suna nuna cewa wannan al'ada tana da haɗari, domin da sunan ana iya gane mutum a bi sawunsa daga wuri zuwa wuri. Ga ɗan jarida, da ɗan kasuwa mai yawo da dukiya, da mace mai tafiya ita kaɗai, wannan ba abin wasa ba ne. Gyaran kuwa bai fi minti guda ba a wurin saituna, a cire sunan mutum a sa wata kalma wadda ba ta nuna kowa.

Abin da ya kamata mai sabuwar na'ura ya yi, ko ta gida ce ko ta ofis, shi ne ya ɗan dakata sa'ad da tambayar nan ta fito. Ya zaɓi gajeriyar kalma mai sauƙin rubutu, wadda ba sunansa ba ce, ba kuma sunan aikin ba, wadda za ta dace da na'urar ko da ta shekara goma ta sauya hannu sau uku. Hausawa dai sun ce tun ran gini ran zane. Allah ya sa a dace.